Ku bakwai da akawun ɗin admin guda? Ga amsata

Assalamu alaikum Malam,

Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai ku bakwai ne a ofis, bakof ɗinku (kwafin bayananku da kuke ajiyewa saboda ko na asali zai ɓace) yana kilawud, wato ma'ajiyar intanet, dukanku da akawun ɗin admin guda, mai cikakken iko, kuke shiga, to shin dole ne sai ka wahalar da kanka wajen buɗe wa kowa nasa kana ta rarraba izini alhali ka yarda da yaranka? Tunda a fili ka tambaya bari in amsa a fili.

E dole ne. Ni ban ma kai ga maganar amanar yaranka ba, faswod ɗin da mutum bakwai suka sani yana cikin waya bakwai da laftof bakwai, wataƙila ma an taɓa tura shi ta WhatsApp, mutum ɗaya kawai ya danna wani link na bogi shike nan ɓarawo ya zama admin. Kuma masu garkuwa da bayanai yanzu ba sa gaggawa, sai sun lallaɓa sun nemo bakof sun lalata shi tukuna su kulle sauran, don sun san muddin kana da kwafi ba za ka biya su ko sisi ba.

A watan Yunin 2014 haka ta faru da Code Spaces, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu. Wani ya samu shiga akawun ɗinsu na kilawud ɗin Amazon ya nemi kuɗi, suka canja faswod, ashe tuni ya buɗe wa kansa wasu akawun a ciki, sai ya hau goge-goge har da bakof ɗin, tunda duk daga wuri guda ake juya su. Kamfanin bai sake tashi ba.

To abin da nake so ka riƙe shi ne ikon gogewa daban yake da duk sauran, kuma shi za ka fi yi wa rowa. Mai duba ko bakof ɗin daren jiya ya tafi lafiya, ido kawai yake buƙata, ba shi izinin kallo. Mai kunna bakof da dawo da fayil in wani ya ɓatar, ba shi wannan ya tsaya nan. Manhajojin ma sun yi maka rabin aikin, Azure Backup, tsarin bakof na Microsoft, misali yana zuwa da matsayi 3 a shirye, mai kallo, mai gudanarwa, sai mai cikakken iko, Veeam, wata manhajar bakof, ma yana da nasa har da na mai dawo da fayil kaɗai. Cikakken iko kuwa mutum biyu sun isa, kai da wani, kuma kai ɗin ma kar ka riƙa aikin yau da kullum da shi.

Amma fa a kula, gogewa ba sai an danna maɓallin gogewa ba. Wanda zai iya rage kwanakin ajiya daga 90 zuwa 1 ya goge maka komai, manhajar da kanta za ta share sauran cikin dare ba tare da ta yi ƙara ba. Haka wanda zai iya tsayar da bakof, ko ya cire wani folda daga cikin abin da ake kwafa, sai ranar da kake nema ka tarar wata huɗu ba a ɗauki komai ba. Don haka in kana duba izini kar sunan matsayin ya ruɗe ka, buɗe ka ga ainihin abin da yake iya taɓawa.

Dawo da fayil ma mutane suna raina shi. Duk wanda zai iya dawo da folda ɗin albashi zuwa kwamfutarsa ai ya karanta albashin kowa ke nan, ko da a saba an hana shi shiga. In manhajarku ta yarda, iyakance wa kowa injinan da ke ƙarƙashinsa.

Sannan akwai akawun da ba na mutum ba, makullin da kwamfutocin ke tura bayanai da shi. Wannan rubutu kawai za a ba shi, banda gogewa, domin shi ne farkon abin da ɓarawo zai tsinta in ya shiga injin. Kuma akawun ɗin bakof kar ya zama shi ne dai wanda ake shiga sauran kwamfutocin ofis da shi, in ɗaya ya faɗi kar ya ja ɗayan.

Shi kansa admin ɗin sai a ɗaure masa hannu. Amazon S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, yana da Object Lock, wato tsarin kulle fayil zuwa wani wa'adi, tun 2018, in ka sa shi a mataki mai tsauri ko mai akawun ɗin da kansa ba zai goge fayil ba sai wa'adi ya cika (ka yi lissafi kafin ka sa wa'adi mai tsawo, kuɗin ajiyar kai za ka ci gaba da biya). Azure yana riƙe abin da aka goge kwana 14 kafin ya tafi gaba ɗaya, Veeam kuma yana da tsarin da sai admin na biyu ya amince kafin gogewa ta wuce. Kunna tantancewa mai mataki biyu (faswod da ƙarin lambar sirri) ga kowa, ta manhaja ta fi ta tes.

Wani amfanin da za ka gani tun satin farko, rajistar ayyuka za ta fara magana. Yanzu komai aka yi "admin" za ka gani, ba ka san wa za ka tambaya ba. Ranar da wani ya bar aiki kuma akawun ɗinsa kaɗai za ka rufe, ka soke duk makullin da ya taɓa ƙirƙira, maimakon canja faswod ana bin mutum shida da sabo.

Tsohon akawun ɗin da kuke shiga yanzu kar ka goge shi. Canja masa faswod mai tsawo, rubuta a takarda tare da lambobin farfaɗowa (waɗanda ake shiga da su in wayar tantancewa ta ɓace), adana inda kai da mutum ɗaya kuka sani, sannan ka saita ya riƙa turo maka saƙo duk sanda aka shiga da shi.

Wassalam.