Wasiƙa zuwa ga aboki: zaman shiru a gaban Ubangiji cikin Azumi

Ɗan'uwana kuma abokina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Wasiƙarka ta iso, na kuma ji daɗin niyyar da ka ɗauka tun ranar Larabar Toka, ranar farko ta Azumin Kirista na kwana arba'in, cewa kullum za ka ware lokaci ka zauna shiru a gaban Allah har zuwa Ista. Sai dai ka ce abin ya gagare ka: da ka rufe ido sai tunanin bashi da na aiki da wata tsohuwar gardama su yi maka caa, har ka fara zargin ko irin wannan addu'a ba taka ba ce. Ka kuma kawo maganar wanda ya ce maka wai zaman shiru ba na Kirista ba ne, aro ne daga addinan gabashin duniya. Bari in fara da wannan, don ita ce mai sauƙi.

Mai wannan magana bai duba Littafi da kyau ba. Bisharar da ake karantawa ranar Larabar Toka, Matiyu sura 6, ita ce ta ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa, ka yi addu'a ga Ubanka wanda yake a ɓoye. A cikin surar nan dai Yesu ya ce kada mu tara surutu kamar masu tsammanin yawan magana ne zai sa a ji su, domin Uban ya san bukatarmu tun ba mu buɗe baki ba. Luka 5:16 ta ce shi kansa yakan janye zuwa wuraren da babu kowa don ya yi addu'a, kuma kwana arba'in ɗin da muke kiyayewa daga zamansa a jeji muka samo su. Ka tuna Iliya a Dutsen Horeb: iska ta zo, girgizar ƙasa ta zo, wuta ta zo, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya, sai bayan haka ya ji wata 'yar siririyar murya. Wanda bakinsa bai huta ba, yaushe zai ji irin wannan murya?

Yanzu ga babbar damuwarka. Ka kwantar da hankalinka, ba kai ne farau ba. Tun ƙarni na 4 maza da mata suka riƙa barin garuruwa suna shiga hamadar Masar don su keɓe da Allah, suna bin sawun Antoni wanda ya rasu a shekarar 356. Sun bar kasuwa da dangi da dukiya, amma da suka zauna a 'yan ɗakunansu sai suka tarar duk hayaniyar ta biyo su a cikin ka. Mafi yawan abin da suka bari na koyarwa a kan wannan yaƙi ne da tunani. An ruwaito wani ya je wurin Abba Musa, ɗaya daga cikin dattawan hamadar, neman nasiha, dattijon ya ce masa ya koma ya zauna a ɗakinsa, ɗakin zai koya masa kome.

Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da su shekaru kafin ya koma Marsai a ƙasar da yanzu ake kira Faransa, ya rubuta abin da wani dattijo ya faɗa masa: zuciyar mutum kamar dutsen niƙa ce wanda ruwa yake juyawa. Ba ka da ikon tsayar da shi, amma kai ne mai zaɓen abin da za ka zuba masa, ko alkama ko ciyawa. Wannan magana ita ce amsar wasiƙarka gaba ɗaya. Ba a ce ka mai da kanka fanko ba, babu mai iya wannan, kuma ba shi ne manufar ba. An ce ka ba zuciya abu ɗaya mai kyau ta riƙe, in ta sake shi ka mayar mata. Abin da dattawan suka ba Kasiyan shi ne ayar farko ta Zabura 70: ya Allah ka cece ni, ya Ubangiji ka gaggauta ka taimake ni. Daga baya Benedikt, wanda ya rubuta wa 'yan zuhudu dokar zama, ya sa ta zama mabuɗin addu'o'in yini na 'yan zuhudunsa, har yau kuma da ita ake buɗe su.

Ikilisiyoyin gabas, su Girka da Rasha, sun fi riƙe wata gajeruwar addu'a: "Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." Kukan Bartimawas makaho ne aka haɗa da na mai karɓar haraji a Luka sura 18. Na san za ka ce, to ba wannan ba ne maimaitawar da Yesu ya hana? A'a. Abin da ya hana shi ne surutun da ake yi don a tilasta wa Allah ya saurara. Shi da kansa a Getsamani ya koma karo na uku yana faɗin kalmomin da ya riga ya faɗa, duba Matiyu 26:44.

Saboda haka in ka zauna, ka ɗauki ayarka ka faɗe ta a hankali cikin zuciya. Hankalinka zai gudu. In ka farga, kada ka tsaya faɗa da kanka, kada kuma ka bi tunanin don ka ga inda zai ƙare. Ka koma kan ayar kawai. In sau hamsin ya gudu, sau hamsin ka juyo wurin Ubangiji ke nan, kuma a ganina juyowar nan ita ce addu'ar. Ai tuba da ake ta wa'azinta a wannan lokaci ba wani abu ba ce illa juyowa.

In ka ga aya guda ta yi maka kaɗan, ga wata hanya. A dokar Benedikt, da an shiga Azumi sai a ba kowane ɗan zuhudu littafi ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, bi da bi. A ƙarni na 12 wani shugaban 'yan zuhudu na wata ƙungiya dabam, Gigo na Biyu, ya tsara irin wannan karatu mataki huɗu: ka karanta, ka yi bimbini a kai, ka amsa da addu'a, sannan ka natsu ka yi shiru. Ni dai shawarata ka ɗauki Markus, sura 16 ce kacal, ka karanta 'yan ayoyi a hankali har wata kalma ta tsayar da kai, ka tsaya nan. Ba jarrabawa za ka rubuta ba, don haka ajiye littattafan sharhi zuwa wani lokaci. Kada kuma ka ɗauki matakin ƙarshe a matsayin abin da ƙoƙari ke sayowa. Ukun farko aikinka ne, na huɗun kyauta ce, Allah yakan ba da ita ran da ya ga dama.

Masu koyar da wannan addu'a a zamaninmu, irin su marigayi Fada John Main da marigayi Fada Thomas Keating, sukan ce a yi minti ashirin safe da yamma. Ni ba zan ɗora maka wannan tun yanzu ba. Minti goma da za ka riƙe kullum ya fi rabin awa da za ka watsar kafin mako ya zagayo. Ka zaɓi lokaci ɗaya, ka zauna da bayanka a miƙe (kwanciya barci take kawowa, kowa ya sani), waya kuma ta kwana a wani ɗakin.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zai zo, wato ranakun da za ka zauna ka tashi ba ka ji kome ba. Babu daɗi, babu hawaye, sai gundura. Tereza ta Abila, 'yar ƙasar Sifen da ta rasu a 1582, wadda ake ɗauka cikin manyan malaman addu'a, ta ba da labarin kanta cewa ta yi shekaru tana zaman addu'a kunnenta na kan agogo, tana jiran lokaci ya cika. Ba ta daina ba. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya faɗa. Ashe ba duk abin da ke gudana a zaman nan ne za ka ji a jikinka ba. In kana son ma'auni, kada ka nema cikin minti goman. Ka duba yadda kake amsa wa matarka in ka gaji, da yadda hannunka yake da mabukaci, domin Ishaya 58 ta riga ta faɗi irin azumin da Allah yake karɓa: kwance ɗaurin zalunci, raba abincinka da mai yunwa, tufatar da wanda ba shi da sutura.

Kwanakin da ka ce sun kuɓuce maka, ƙyale su, ba ramawa ake yi ba. Gobe da safe ka zauna. In Allah ya kai mu Mako Mai Tsarki, ina so mu karanta Markus sura 14 da 15 a tsakanin Alhamis da Jumma'a, kai a can ni a nan. Kafin nan ka rubuto mini ayar da ka zaɓa, ko ta Zabura ko wata dabam.

Ka gaishe mini da uwargida da yara ƙwarai, kuma ka riƙa tunawa da ni cikin addu'a.

Naka a cikin Almasihu,
abokinka