Shekarun dagajin Lydia Ko ba wasan yara ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Tun ranar Lahadi da na saurari shirinku na wasanni raina yake a ɓace. Na ji daɗi da farko da kuka tuna da golf, har na kira 'yata ta zo ta zauna kusa da rediyo. Sai ga mai gabatarwa ya ce tarihin 'yar wasan golf Lydia Ko ya fara ne a 2013 da ta shiga sahun ƙwararru, wai abin da ya gabata "wasan yara ne na 'yan dagaji". Haba Malam! Wasan yara?

Yarinyar nan 'yar New Zealand, haifaffiyar Koriya ta Kudu, tana da shekara 15 ta je Kanada a watan Agustan 2012 ta doke manyan matan da ke ci da wannan sana'a a gasar Canadian Open. Dala 300,000 aka sa wa na ɗaya, amma ko sisi ba ta taɓa ba, don dokar lokacin ta hana ɗan dagaji karɓar kuɗin gasa. Inbee Park da ta zo ta biyu ita ta tafi da kuɗin. Da shekara ta zagayo Lydia ta koma ta sake cin gasar, ta sake dawowa gida da kofi kawai. Mako 130 ta yi tana ta ɗaya a jerin 'yan dagaji mata na duniya. Wannan ne mutuminku ya share da kalma biyu ya wuce labarin ƙwallon ƙafa.

Ni na san abin da nake faɗa. Shekara tara na yi ina ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf nan Kaduna, tun ina ɗan saurayi. Da asuba muke fita, raɓa ta jiƙa ƙafar wando har gwiwa, mu zagaye ramuka 18 da jaka a kafaɗa, in ƙwallo ta faɗa ciyawa mu shiga nema da hannu. A nan na koyi bugu da wata tsohuwar sanda da wani bawan Allah ya bar mini. Ita ce na kai wa mai walda ya rage mata tsawo, na ba 'yata tana da shekara takwas. Yau shekararta 14. Duk gasar da za ta je, ni ke biyan kuɗin mota da masauki da abinci. Bara sai da na sayar da tunkiyar mahaifiyarta, da yardarta, kafin muka tafi. Abin da ta dawo da shi kofi ne da fanka. Tafin hannunta duk kanta. To ku faɗa mini, da wane ido zan kalle ta bayan ta ji a rediyon da muke girmamawa cewa wahalar nan wasan yara ce? Shiru ta yi, ta tashi ta shige ɗaki.

Ba ina musun abin da Lydia ta yi bayan ta zama ƙwararriya ba. Ta zama ta ɗaya a duniya a 2015 tana da shekara 17, ta ci azurfa a Olamfik na Rio, tagulla a Tokyo, zinare a Paris a 2024. Amma ko shekara kusan uku da ta yi ba ta ci gasar LPGA ba, wato jerin gasannin ƙwararrun mata 'yan golf, daga 2018 zuwa 2021, ba ku ambata ba. Wadda ta saba yin nasara a miƙa wa wata kuɗin tun tana ƙarama, ita ce za ta iya jure irin wannan fari har ta farfaɗo. Ina roƙon ku gyara maganar nan a shiri mai zuwa, kuma da bakin wanda ya furta ta.

Sannan don Allah ku duba tallace-tallacen maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar labaran ƙarfe bakwai. Ana cikin karanta sanarwar rasuwa sai mai maganin basir ya faɗo da ihu, ga yara a zaune.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronku,
daga Kaduna