Zuwa ga Alhajin Guangzhou, kan abin nan da ka gani a kasuwar kifi

Assalamu alaikum Alhajin China,

Ya kasuwa, ya baƙunta? Mu nan Jos sanyi ya sauka da ƙarfinsa, da asuba sai mutum ya tsaya yana kallon buta yana shawara da zuciyarsa. Hajiya lafiya lau, na leƙa ta bayan Juma'a, ta ce in faɗa maka wayar da ka aiko mata ba ta riƙe caji, kai da kake zaune a inda ake ƙera su, ko kunya babu.

Hoton da ka turo a WhatsApp na gani tun ranar, jarabawa ce ta sa mu gaba, ga makin ga cike sakamako, shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce "Malam wannan wace irin halitta ce kuma, ana ci?" har da dariyarka ta shaƙiyanci, na san abin da kake nufi kuma ba zan biye maka ba, Allah ya shirye ka.

Abin nan dangin kumba ne, irin masu ɓawo biyu da muke tsinta a bakin dam muna yara, sai dai shi na teku ne kuma ƙato. Turawa suna ce masa geoduck, a littafi Panopea generosa, mutanenka na can kuma hannun giwa suka sa masa, ka ga ai ba su yi ƙarya ba. Kuma ba ɗan China ba ne, baƙo ne kamarka, daga gaɓar tekun Pasifik ta Amurka da Kanada ake ɗauko shi, wajajen Puget Sound a jihar Washington da British Columbia har Alaska, a saka shi a jirgin sama da ransa, shi ya sa kuɗin ya ba ka tsoro.

Dogon abin da ya fito daga ɓawon, wanda ya ba ka dariya, wuyansa ne, kuma bututu biyu ne a haɗe. Ɗaya yana zuƙo ruwa, jikin ya tace ƙananan tsirran da ke yawo a ruwan waɗanda ido ba ya gani ya cinye, ya sha iskarsa, ɗayan ya fesar da sauran. Ɓawon bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba amma wuyan yana miƙewa har mita ɗaya, don shi gogan yana can binne a ƙarƙashin yashi kusan mita guda, bakin wuyan kawai ke leƙowa. Jikin ya fi ƙarfin ɓawon, ba ya iya shigewa ya rufe kamar sauran 'yan uwansa, ramin ne kaɗai kariyarsa, in wani abu ya taɓa shi sai ya janye wuyan ƙasa ya yi lamo.

Amma wallahi abin da ya tsaya min shi ne yadda yake shiga ramin. Iyayen ba sa ma haɗuwa, namiji ya saki nasa a ruwa, mace ta saki ƙwai miliyoyi, ruwa ya gauraya, 'ya'yan su yi 'yan makonni suna yawo, yawancinsu kifi da ƙaguwa su cinye. Wanda ya tsira sai ya sauka ƙasa ya fara tono da 'yar ƙafarsa, a hankali yana nutsewa, cikin shekara uku ko huɗu ya kai inda zai kai. Daga nan jiki ya yi nauyi ƙafa ta zama ba komai, ba zai ƙara tono ba har abada. In ka zaro babba ka ajiye a kan yashi ba zai iya komawa ba, nan zai mutu ko a cinye shi. Kuma a ramin nan yake zama shekara ɗari da ɗoriya, an samu wanda ya kai 168, wato Turawa ba su fara haƙar kuza a nan ba shi yana zaune a wurinsa yana tace ruwa. A jikin ɓawon ake ƙirga shekarun, layi-layi ne kamar na kututturen bishiya.

Hotonka na kai aji fa, kada ka ce ban faɗa maka ba. Na haska wa 'yan SS2 a waya, ajin ya rikice, waɗanda kullum suke barci a baya har da hawa benci. Na sa wani yaro ya kawo ɓawon kumba daga wajen dam ɗin Lamingo, muka buɗe muka ga tabon naman da ke riƙe ɓawon biyu, na ba su suna shafa layukan da farce suna ƙirgawa kowa da lissafinsa. Wata yarinya da tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta ce Malam to in wurin da ya zaɓa ya lalace fa, ya zai yi? Alhaji rabon da in ji daɗin aikin nan haka na manta, duk da albashin da ka sani. Na ce mata ba abin da zai yi, sai na ƙara musu da labarin wata kumbar daban, Arctica islandica, da masu bincike na jami'ar Bangor suka ɗebo a tekun Iceland a 2006, da aka ƙirga aka samu shekara 507. Tun 1499 ke nan, shekarar da mulkin Muhammadu Rumfa ya ƙare a Kano. Kuma a hannun masu binciken ta mutu, yara suka ce kai Malam wannan ai zalunci ne.

Af, Dogo ya sake tayar da maganar ƙarin aure, wannan karon har an kai gaisuwa Anguwar Rogo, uwargida kuma ta ce ita ba ta ce komai ba, ka san ma'anar wannan. Majalisa yanzu ta koma gaban mai shayi saboda sanyi, Shugaba har yanzu yana bin ka kuɗin ƙwallon nan, ya ce ko a China kake sai ka biya. Dankalin turawa a Farin Gada kuwa ba a magana.

Su masu kamun geoduck ɗin kuwa, tun 1970 aka fara sana'ar a Washington, nutso suke yi da tiyo mai feso ruwa da ƙarfi, su kwance yashin gefensa su zaro shi. Hukuma ke yanka musu adadin da za su ɗiba a shekara, kuma ni a ganina daidai ne, abin da ya kwashe shekaru hamsin ko tamanin a rami ba za ka share shi a kaka ɗaya ka ce zai dawo baɗi ba. Yanzu ma noma shi suke yi, su kafa guntayen bututun roba a bakin teku su zuba 'ya'yan a ciki don kada a cinye su, bayan shekara biyar zuwa bakwai a girbe. Wanda ka gani wataƙila na gona ne, in ƙarami ne. Ka tambayar min mai shagon nawa kilo, da gaske nake, yara sun dame ni da tambayar.

Kuma don Allah in sun yanka ka roƙar min ɓawon, ɓari biyun duka, ka wanke ka naɗe a tsumma ka jefa cikin kayan da za ka turo Kano, ƙanen Dogo zai karɓo min. Kada ka ba ni labarin kwastan. Ka haɗo da batirin wayar Hajiya.

Ka gaida abokan zamanka, maman yara tana gaisuwa.

Naka,
Malam