Takardar Koke Kan Titin Malam Aminu Kano Da Ke Wuse 2

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne masu shayi, masu tsire, masu gadi da masu wankin takalmi da ke neman abinci a titin Aminu Kano.

Ranka ya daɗe, wani dare a teburin mai shayi, wani dattijo a cikinmu ya tambayi samari ko wane ne mai sunan titin nan. Ɗaya ya ce filin jirgi ne, ɗaya ya ce asibiti. Dattijon ya ajiye kofi bai ƙarasa shayinsa ba, domin mahaifinsa ya sha ɗauri a kan katin jam'iyyar NEPU.

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne fa, haifaffen Kano a 1920, ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sannan ya koyar a Maru. Ya ajiye aikin albashi ya rungumi NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, ya ja da Turawan mulki da 'yan En'e lokaci guda a kan aikin tilas da zaluntar talaka. Haraji da jangali da aka soke a Kano da Kaduna bayan zaɓen 1979, gwamnonin jam'iyyarsa ta PRP ne suka soke, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Malam ya yi kwamishinan tarayya zamanin Gowon, amma da ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, a ɗan gidansa na Gwammaja aka binne shi. Kowa ya dubi benayen titin nan ya tuna wancan gida, sai jikinsa ya yi sanyi.

Roƙonmu a kafa allo a bakin titin mai ɗauke da tarihinsa da Hausa, boko da ajami, har da Turanci. Babban kuma shi ne a ba mu aron aji ɗaya a makarantar firamare mafi kusa, daga La'asar zuwa Magariba, don yaƙi da jahilci. Matanmu da 'yan mata masu talla za mu fara sakawa, tunda Malam ya yi ta fafutukar karatun mata da ƙuri'arsu tun ana yi masa kallon mai neman fitina. Malamai biyu sun yarda su koyar kyauta, alli da littattafai kuwa mu za mu yi karo-karo.

Allah Ya taimaki Shugaba, muna jiran ranar da za a ba mu mu zo da wakilanmu.

Naku,
Masu ƙananan sana'o'i na titin Aminu Kano, Wuse 2.