Malam Edita, ku yi mana shiri a kan zanen Guernica

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taimaka.

Ni dai kullum da safe ina jin labaranku, amma wallahi akwai abin da ke ci min rai. Sai a ce an kashe mutum kaza a Gaza, kaza a Sudan, kafin ka gama salati an shiga labarin ƙwallo, kamar buhunan masara ake ƙirgawa ba 'ya'yan mutane ba.

Shi ya sa nake roƙo ku taɓo mana labarin zanen nan. Guernica wani ɗan gari ne a arewacin Sifaniya, ranar 26 ga Afrilu 1937 jiragen yaƙin Jamus da Italiya masu taya Janar Franco a yaƙin basasar ƙasar suka yi masa ruwan bamabamai, kuma Litinin ce ranar da kasuwar garin ke ci, duk wanda ya san yadda kasuwar ƙauye ke cika ba sai an masa bayani ba. Picasso, mai zane ɗan Sifaniya, yana Faris lokacin, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ya gama zanen a kan wannan hari, faɗinsa ya kusa mita 8 kuma ba kala sai baƙi da fari da toka-toka. Ba jirgi a ciki, ba tuta, ba janar ko ɗaya. Doki ne ke kururuwa, ga wata mata a gida yana cin wuta, sai uwa rungume da gawar jaririnta ta ɗaga kai sama baki a buɗe. Ni a nan nake tsayawa kullum, don wannan matar ba ta da ƙabila, a kowane gari za ka same ta.

Picasso ya ƙi yarda a kai zanen Sifaniya sai mulkin kama-karya ya kau, sai 1981 ya isa can, shi kuwa ya rasu tun 1973.

Akwai kwafinsa da aka saƙa a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Fabrairun 2003 da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya je kare shirin yaƙin Iraƙi sai aka rufe kwafin da shuɗin labule, wai don kyamarorin 'yan jarida. To, wai.

Don Allah in kun yi shirin ku saka hoton a shafinku na Facebook, tunda a rediyo ba za a ga fuskar matar nan ba.

Naka,
mai sauraro daga Zariya