Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Cikin Gida Kan Sakin Fursunoni Bisa Sharaɗi

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa daga Zariya a kan alƙawarin da doka ta yi wa fursunoni da ma'aikatan da ke tsaronsu tun shekarar 2019, wanda har yau mu da ke nan ƙasa ba mu ga cikarsa ba.

Ba sai na tuna maka da abin da ke cikin Dokar Hukumar Gyaran Hali da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a waccan shekara ba, domin hukumar a ƙarƙashin ma'aikatarka take. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: tsare waɗanda ya zama dole a tsare, da kuma kula da masu laifin da za su yi hukuncinsu a waje, ta hanyar saki bisa sharaɗi, ko ɗaurin talala, ko yi wa al'umma aiki, ko sasanta mai laifi da wanda ya zalunta. Kafin ita ma, sashe na 468 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba Kwanturola Janar, wato shugaban hukumar gidajen yari, damar kai wa kotu sunan ɗaurarren da aka shaidi kyawun halinsa, wanda aka yanke wa shekara 15 ko fiye kuma ya cinye kashi ɗaya cikin uku, domin a sake shi ya ƙarasa a gida ƙarƙashin kulawa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Ta ɓangaren rubutu babu abin da ya rage. Kukana shi ne rabin na biyu na wannan aiki an bar shi ba kuɗi, ba kayan aiki, ba isassun mutane, kuma wannan sakaci shi ke danne komai.

Ka duba yadda abin yake idan ya zo gaban alƙali. Ga yaro an kama shi da satar waya a kasuwar Sabon Gari, laifinsa na farko ke nan, kuma doka ta ba alƙalin damar ya sa shi sharar asibiti ko yasar magudanar ruwa na wasu makonni. Kafin ya yanke wannan hukunci dole ya tambayi kansa wa zai tabbatar yaron ya je wurin aikin, wa zai san gidansu, wa zai kawo rahoto kotu idan ya tsere. Jami'in da aka ɗora wa wannan nauyi, a inda ma ake da shi, yakan rasa abin hawa da kuɗin mai, ga shi ana son ya zaga daga Samaru zuwa Tudun Jukun, ya shiga lungunan cikin birni, ya leƙa ƙauyukan Giwa da Soba. Alƙalin da ya san haka zai gwammace ya tura yaron gidan yari, domin can ne kaɗai yake da tabbacin ba za a neme shi a rasa ba. Da haka ɓarawon waya ke kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi, ya shiga da laifi guda ya fito da ilimin laifuka goma da abokan da za su neme shi ranar da aka sallame shi.

Ni ɗan gandiroba ne, shi ya sa ba na iya maganar fursuna ban haɗa da mai tsaronsa ba. Na tashi ina ganin mahaifina yana dawowa daga aikin dare idanunsa jajir, ya cire takalma a bakin zaure, ya zauna ya yi shiru na tsawon lokaci kafin ya iya amsa gaisuwar kowa. Shi ke ƙirga mutane safe da yamma, shi ke raba faɗa a kan gabza, shi ke raka mara lafiya asibiti, sau da yawa kuma daga aljihunsa maganin ke fitowa domin ba zai iya kallon mutum yana mutuwa a gabansa ba. Waɗanda suka gaje shi a yau wahalarsu ta fi tasa, saboda ɗakunan sun fi cika, kuma kusan biyu cikin kowane uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan zaman jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba. Mutumin da bai san ranar fitarsa ba ba ya koyon kafinta, ba ya zama a aji, hankalinsa na kan ranar da motar kotu za ta zo. Ma'aikacin da aka ba ɗaruruwan irin waɗannan mutane, duk tunaninsa yadda gari zai waye ba a yi bore ba. A ina zai sami sukunin gyara halin wani?

Kuma aikin ya zama na sayar da rai. Ba mu manta da harin gidan yarin Kuje na 5 ga Yulin 2022 ba. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, fursunoni fiye da 100 suka fice, a Satumban 2024 kuma ambaliyar Maiduguri ta yi irin wannan ɓarna. Da yawa daga cikin gine-ginen nan tun zamanin Turawa suke, kuma duk lokacin da katanga ta faɗi ko aka kai hari, ƙaramin ma'aikacin da ke bakin ƙofa shi ne farkon wanda ake tuhuma.

Ba na musun abin da ka yi. A Nuwamban 2023 ka tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali, aka biya wa mutum 4,068 tarar da ta hana su fita, kuma iyalai da yawa sun yi maka addu'a. An ɗaga kuɗin ciyar da fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, kodayake duk wanda ya san kuɗin mudun masara ya san wannan ba ya kai ko'ina, shi ya sa har gobe za ka ga iyaye mata a bakin ƙofa ranar ziyara, riƙe da kulolin abinci, suna jira a ɗanɗana a shigar. An kuma yi wa ma'aikata da dama ƙarin girman da suka daɗe suna jira. Amma biyan tara sau ɗaya kamar kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Gurbin da waɗancan mutum 4,068 suka bari, kotuna sun ci gaba da cike shi da masu ƙananan laifuka, domin hanyar da doka ta buɗe musu a waje ba ta da mai tsaronta.

Wanda ya gama zamansa ma haka yake fitowa ba mai karɓarsa. Na san wani matashi a unguwarmu da ya koyi ɗinki a ciki, ya iya sosai, amma ya fito ba keke, ba jari, telolin da ya nemi zama a shagonsu kuma kowa ya ji inda ya fito sai ya ce babu wuri. Dokar 2019 ta yi tanadin takardar shaidar kyawun hali ga irinsa, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci. Da akwai jami'in da zai riƙe hannunsa ya kai shi wurin mai unguwa, ya tsaya masa a gaban maigidan sana'a, ya riƙa leƙa shi na wasu watanni, da mahaifiyarsa ba ta kwana da fargabar da take kwana da ita yanzu ba.

Ina roƙonka don girman Allah ka dubi wannan al'amari da idon rahama. Zariya na da duk abin da ake buƙata domin a gwada a gani. Masarautar Zazzau na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida da asalin kowane yaro. Akwai limamai da fastoci da jama'a ke jin maganarsu, akwai dukawa da maƙera da masu ɗinkin hannu da za su ɗauki almajirin sana'a idan hukuma ta tsaya masa. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan a Kongo, cike da ɗaliban da za su taimaka wajen bibiyar takardun masu jiran shari'a. Abin da babu shi ne jami'in da aka horar, aka ba babur da kuɗin mai da ofis kusa da kotu, wanda zai haɗa waɗannan mutane da alƙali. Tun da gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya ba jihohi damar sa hannu a harkar gidajen gyaran hali, babu abin da zai hana ka zauna da gwamnatin Kaduna ku raba wannan nauyi.

Akwai maganar gidajen ma'aikata, da kayan sarki, da haƙƙin iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, da sashe na 12 na dokar 2019 da ya ba kwanturolan jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika, duk suna buƙatar kulawarka. Amma abin da nake nema yanzu shi ne ka umarci Kwanturola Janar ya fito ya gaya wa jama'a mutum nawa aka saka bisa sharaɗi a Jihar Kaduna tun daga 2019, jami'ai nawa ke kula da su, kuma nawa aka ware wa wannan aiki, sa'an nan ka tabbatar kasafin kuɗi mai zuwa ya ware masa kaso na kansa wanda zai iso har Zariya.

Naka cikin girmamawa,
Wani mazaunin Tudun Wada, Zariya.