Wasiƙa zuwa ga Umma kan lambun bokiti

Assalamu alaikum Umma. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Baba da ƙannena. Nan ma lafiya lau, sai kewar gida.

Kun ce tsakar gida duk siminti ne, babu wurin shuka. Ai bokiti ya isa. Nan inda muke, a baranda mutane ke noman tumatir, hawa na biyar ma.

A samo bokiti mai lita 20, amma banda wanda aka taɓa zuba fenti ko man inji ko maganin ƙwari a ciki. A huda gindinsa da ƙusa mai zafi, huji 6 ko 8, a ɗora shi kan bulo biyu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Tumatir ko barkono tushe ɗaya ake sa wa kowane bokiti. Idan an sa uku za su yi ta kokawa, babu wanda zai yi 'ya'yan kirki. Alayyahu da latas kuwa tsohuwar roba mai zurfin santimita 15 ta wadace su.

Ƙasa ita ce inda aka fi yin kuskure. Idan aka ɗebo ta zalla aka cika bokiti, bayan ban ruwa kaɗan sai ta daskare kamar tubali, saiwa ta rasa iska. A haɗa kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na taki, kashi ɗaya na yashi. Takin ya zama wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, warinsa ya mutu. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi.

Dashen tumatir sai ya yi mako huɗu a gadon reno. A dasa da yamma, a binne karan har kusa da ganyen farko, domin jikin karan ma saiwa yake fitarwa. A kafa masa sanda tun ranar.

Yana son rana ta awa shida, ta safe ta fi. Baƙin bokiti yana dafa saiwa, a naɗe shi da buhu.

Ban ruwa kuma, Umma, kar a bar wa yara su yi yadda suka ga dama. A tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu. In ƙasa ta bushe, a zuba har ya ɗigo ta ƙasa. Yau ƙishirwa gobe ambaliya shi ke sa gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi ya ruɓe. Ruwan yana wanke abincin ƙasa, saboda haka duk mako biyu a barbaɗa taki tafin hannu ɗaya. In kun ga ƙananan ƙwari sun manne a bayan ganye, a dama sabulu ƙaramin cokali ɗaya a ruwa lita ɗaya, a fesa bayan la'asar.

Ku fara da alayyahu, cikin mako huɗu za a fara yanka.

A gaishe da Baba da kowa da kowa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.